Yadda na fara fitar da riguna da sunana a Kano, daga rajista har zuwa ɗinkin Sallah

Shekara shida na yi ina ɗinkin awo a gida kafin tunanin nan ya zo min. Mace za ta kawo atamfarta, in auna ta, in ɗinka, ta zo ta gwada, in ta yi mata yawa in rage, ta biya ta tafi. Da wannan aikin na sayi kekena na biyu, da shi nake zubin adashi. A watan Satumba na 2022 na kwashi adashin, naira dubu 400, na ce lokaci ya yi da zan daina jiran a kawo min yadi. Ina son in zana rigata, in sayi yadina, in ɗinka da yawa, in liƙa sunana a wuya, mai so ta saya ta saka ba tare da na taɓa ganinta ba. A lokacin gani nake sana'ar ɗaya ce, girma kawai za ta yi. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwa da yawa suna turo min tambaya kan ta ina za su fara, kuma da a ce wata ta zaunar da ni ta faɗa min abin da zan faɗa yanzu, da rabin jarina bai narke a wata huɗun farko ba.

Da rajistar suna na fara, saboda wata ƙawata ta ce banki ba zai buɗe min asusun kasuwanci ba sai da takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Na je wani shagon kwamfuta a unguwarmu, yaron da ke wurin ya ce in kawo dubu 35 ya gama min komai cikin sati. Na ba shi rabi. Sati uku ina zarya, kullum da labarin da zai ba ni, daga baya na gane ko shigar da sunan bai yi ba. Ƙanina ne ya zauna da ni da dare da wayarsa muka buɗe shafin hukumar da kanmu, sai ga shi abin bai kai yadda aka tsorata ni ba. A lokacin ana fara neman a keɓe miki suna ne, ki rubuta guda biyu, in na farko bai samu ba a duba na biyu. Kuɗin keɓewar a lokacin naira 500 ne. Sunana na farko bai wuce ba domin akwai wani kasuwanci mai rajista da suna kusan irinsa, kuma na yi kuka a daren, don na riga na saba da sunan har na buɗe shafin Instagram da shi. Na biyun ya samu, aka ce an riƙe min shi na kwana 60, in ban kammala rajista a ciki ba ya kuɓuce. Daga nan sai cike bayanai: lambar NIN, hoton fasfo, sa hannuna a farar takarda da muka ɗauka a hoto, adireshin wurin sana'a, da bayanin irin aikin da zan yi. Na biya dubu 10 na rajistar sunan kasuwanci. An dawo min da takardun sau ɗaya saboda yadda na rubuta sunana bai yi daidai da yadda yake a NIN ba, na gyara, bayan 'yan kwanaki takardar shaida ta fito muka sauke ta daga intanet. An ƙara kuɗaɗen nan daga baya, don haka ki duba shafinsu kafin ki ware kuɗi. Kuma kada ki buga lebul, ko leda, ko allon shago, sai sunan ya tabbata naki.

Banki kuwa sai da na je sau uku. Ranar farko na je da takardar shaida kaɗai, ma'aikaciyar ta lissafo min sauran: takardar bayanin kasuwancin da ke fitowa tare da shaidar, lambar haraji ta TIN, BVN, katin shaida, takardar biyan kuɗin wuta mai adireshina, hotuna, da mutum biyu masu irin wannan asusun da za su tsaya min. Samun mutum biyun nan ya fi komai cin lokaci, sai da mijin yayata ya haɗa ni da wani abokinsa ɗan kasuwa. Na ga amfanin asusun ta hanyar da ban zata ba. Da can kuɗin kwastoma da kuɗin cefane wuri ɗaya suke shiga, wuri ɗaya suke fita, in ƙarshen wata ya yi ba na iya cewa ga abin da ɗinki ya kawo. Sannan baƙuwar da ba ta san ki ba, in ta ga sunan da ke kan riga shi ne sunan da ya fito lokacin da za ta tura kuɗi, hankalinta ya fi kwanciya.

Daga nan na shiga Kantin Kwari da dubu 250 a jaka, kuma nan ne kuskurena mafi tsada ya faru. Wanda bai taɓa shiga Kwari ba zai yi wuya ya gane yadda ido ke ruɗewa a cikinta. Layi bayan layi, atamfa, shadda, leshi, yadin abaya, ga 'yan sari daga Nijar da Chadi da Kamaru suna ɗaure dila-dila, ga masu ɗaukar kaya suna neman hanya. Na saba shiga in sayi turmi ɗaya ko biyu. Ranar nan na sayi turmi 30, zane daban-daban har kala 22, duk wanda ya burge ni sai in ce a sa min. Wani dattijo da na saya a wurinsa ya dube ni ya ce, "Hajiya, lefe za a haɗa ko shago za a buɗe?" Na ce riguna zan ɗinka in sayar. Ya ce, "To ki yi haƙuri da maganata, 'yata. Mai wannan sana'ar kala kaɗan take ɗauka mai yawa. In rigarki ta karɓu aka ce a ƙaro goma, ina za ki samo zanen?" Na ji shi, amma na riga na biya sauran shagunan. Shi ne kuma ya sa yaronsa ya warware min kowane turmi a gabana, domin ambaliyar da ta shiga kasuwar a watan Agusta na shekarar ta jiƙa kaya masu yawa, kuma tabon ruwa a cikin ninki yake ɓuya. Har yau ba na karɓar turmi a naɗe.

Maganarsa ta tabbata tun kafin wata ya ƙare. Riga ɗaya mai ruwan ganye da na saka hotonta, mutum tara suka tambaya, ni kuwa turmi ɗaya gare ni na zanen. Na koma kasuwa na zaga, an ce ya ƙare, sabon kaya ya shigo. Sannan akwai lissafin da ɗinkin awo bai taɓa tilasta min yi ba. Turmin atamfa yadi shida ne. Doguwar rigar da na zana tana cin yadi huɗu, da ɗankwali ta kusa biyar, saura ƙyallen da ba ya isa komai. A ɗinkin awo ragowar ta mai kaya ce, ita ta biya. Yanzu ni ce mai kayan, kowane ƙyalle da ya faɗi ƙasa kuɗina ne. Sai da na koma na sake zanen yadda turmi biyu za su ba ni riga uku, na kuma fara haɗa atamfa da yadi mara zane wanda ake yankowa daga bandir, wanda in ya ƙare za ki koma ki samu irinsa. Ragowar ƙyallaye kuma muka fara yin rigunan yara da su.

Batun awo shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi nake roƙon duk mai shirin farawa ta ba shi lokaci. Ni tela ce, na iya auna mace in fitar mata da riga daidai jikinta. Amma riga ɗaya da za ta zauna a jikin mata hamsin da ban taɓa gani ba, wannan wani ilimi ne daban. Da farko na sauko da jadawalin awo na Turawa daga intanet na yi aiki da shi. Riguna 12 na farko, biyar aka dawo min da su. Wata ƙugu ya matse ta, wata hannun bai rufe mata wuyan hannu ba, wata tsawon bai sauka inda take so ba. Matanmu suna son riga ta sauka har idon sawu, hannu ya kai, ƙirji ya samu sarari, kuma da yawa ƙugunsu ya fi abin da jadawalin ya tanada idan aka gwada da kafaɗarsu. Ina zaune cikin damuwa sai idona ya faɗa kan littattafan awona na shekara shida, guda huɗu, duk sun tsufa. Na kwana uku ina fitar da awon kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu da tsawo na mata sama da 200 da na taɓa yi wa ɗinki, na kasa su gida huɗu. Daga nan na yanka kwali na kowane gida, gaba da baya da hannu, na rubuta lamba a jiki, na rataye a ƙusa. Na ɗinka gwaji ɗaya na kowanne da yadi mai araha, na kira 'yan uwa da maƙwabta masu jiki daban-daban suka saka, suka zauna, suka ɗaga hannu, suka sunkuya kamar za su yi ruku'u. Inda ya ja, na gyara kwalin. Wannan kwalayen su ne dukiyar shagona yanzu, sun fi min kekunan daraja, domin keke ana saya a kasuwa.

Teloli kuma sai da na koyi zama da su ta wata fuska, ni da nake ɗaya daga cikinsu. Ba zan iya ɗinka riga 40 ni kaɗai ba, sai na raba wa mutum uku a shaguna daban-daban, na yi musu bayani da baki. Da kayan suka dawo kamar ba zane ɗaya ba ne. Wannan ya faɗaɗa wuya, wancan ya sa zif a gefe, ɗayan bai yi wa bakin yadin ɗinkin da ke hana shi zarewa ba. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa da hannunsa, kuma ni ce ban ba su abin da za su bi ba. Yanzu ni nake yanka duka da kwalina, in ɗaure kowace riga da shafinta da zif ɗinta da zarenta, in haɗa da riga ɗaya kammalalliya da za a riƙa dubawa. Ana kawo min ta farko in gani kafin a ci gaba da sauran. Biya kuma a kan kowace riga ne, bayan na juya cikinta na duba. Zare da zif da maɓallai ina sarowa da dozin a Kofar Wambai in ajiye, don in kika bar wa tela ya saya, abin da ya samu kusa zai saka, kuma zif mara kyau shi kaɗai ya isa ya sa kwastoma ba za ta sake dawowa ba.

A watan Janairu na 2023 yayata, wadda ta yi karatun lissafin kuɗi, ta zo ta tambaye ni nawa riga ɗaya take tsaya min. Na ce atamfa dubu 7, tela dubu 3, ina sayarwa dubu 14, riba dubu 4. Ta ɗauko biro ta ce mu rubuta. Shafi da zif da zare, 1,200. Lebul da ledar da sunana ke jiki, 300. Man janareta na guga da yanka, kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da wurin teloli, kuɗin data, kuɗin mai hoto da yarinyar da ta saka kayan, ta raba su a kan yawan rigunan. Ta ƙara rigunan da aka dawo da su, da ragin da nake yi wa duk wadda ta ce "haba Anti, a duba ni". Da ta ja layi, abin da ya rage min a kowace riga bai kai naira 500 ba, kuma ban saka ladan yankan da nake yi da hannuna ba. Ta ce, "Ƙanwata, aiki kike yi wa mutane kyauta, har kina biyan kuɗin mota." Jikina ya yi sanyi ƙwarai. Tun ranar ba na fitar da sabon zane sai na cike masa takardarsa, layi-layi, har da albashina, sannan in ɗora riba. In farashin da ya fito ya fi abin da masu sayena za su iya, zanen nake sauƙaƙawa, ba na taɓa ribar. Na rasa wasu kwastomomi da na ƙara kuɗi, na kuma ji zafin hakan, amma waɗanda suka tsaya su ne suka riƙe shagon.

Ana cikin haka aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira, a watan Fabrairu. Teloli suna son kuɗi a hannu, masu adaidaita haka, tura kuɗi ta waya kuma wani lokaci sai ya maƙale. Asusun nan da na sha wahalar buɗewa shi ya cece ni, domin duk cinikina ta cikinsa yake bi, kuma 'yan Kwari da yawa sun koma karɓar tiransifa. A wannan lokacin ne kuma na koyi aika kaya. Saƙona na farko zuwa Kaduna na kai tasha na ba wani direba, ban karɓi lambar mota ba, ban rubuta komai a jikin ledar ba sai lambar waya. Kwana huɗu ana nema, mai kayan tana kira tana faɗa, kuma da gaskiyarta. Yanzu kowane saƙo da suna da lamba biyu a jiki, ina ɗaukar hotonsa da na motar, in tura wa mai shi tare da lambar direba, kuma tun kafin ta biya ta san kuɗin aike a kanta yake da kuma sharaɗin canji: kwana uku, ba a wanke ba, ba a cire lebul ba.

Azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris, kuma shi ne gwajina na gaske. Duk wanda ya san Kano ya san yadda shagon tela yake a goman ƙarshe, ba barci, ba amsa waya. Telolin da nake aiki da su suna da nasu kwastomomin na shekara da shekaru, kuma ranar da aiki ya yi yawa nawa ne zai koma ƙasan tari. Na karɓi odar riga 60 har zuwa tsakiyar azumi saboda ina jin nauyin cewa a'a. Daren Sallah ina shagon wani tela har ƙarfe uku ina guga da kaina, kuma duk da haka mutum bakwai ba su samu kayansu ba. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri na mayar musu da kuɗinsu. Wata ta ce min ita da 'yarta ba su da wani sabon kayan da za su saka zuwa idi, kuma muryarta ba ta bar kunnena ba har yau. Mai kayan a-saya-a-saka bai kamata ta shiga wannan layin ba sam. Amfanin sana'ar ke nan, ki ɗinka tun Rajab da Sha'aban lokacin da teloli ke neman aiki, azumi ya same ki kina sayar da abin da ke rataye.

Bayan Sallah da 'yan makonni, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi. Yawancin yadin da ke Kwari daga waje yake shigowa, don haka farashi ya fara motsi kusan kowane mako. Na sayar da wasu riguna a tsohon farashi ina murna sun ƙare da wuri, da na koma sari kuɗin bai sayo min yawan yadin da na sayar ba. Daga nan na koyi yin farashi da abin da zan biya in na koma kasuwa gobe. Kafin in saka kuɗin kowace riga sai na kira dattijon nan na tambaye shi yadda kaya suke a ranar. Mun saba sosai yanzu, har yakan ajiye min zane in ya ga irin wanda nake so ya shigo, ya kuma faɗa min gaskiya in zanen ba zai sake zuwa ba.

Abu na ƙarshe da na yi a ɓangaren takardu shi ne rajistar tambari, kuma na yi shi ne a makare. Wata kwastoma ta turo min hoton riga da ta gani a wani shafi, da suna kusan irin nawa a wuyanta, harafi ɗaya ne ya bambanta. Na ɗauka takardar CAC ta isa ta kare ni. Wata lauya ta yi min bayani cewa waccan rajistar sunan kasuwanci ce, kare suna da alamar da ke jikin kaya kuwa aikin ofishin rajistar tambari ne da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Kayan sawa suna rukuni na 25. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ki, a shigar da buƙata, a ba ki takardar shaidar an karɓa, sannan ta amincewa, daga nan a buga a mujallar ofishin a ba da wata biyu ga mai ƙorafi, kafin takardar shaida ta fito. Rajistar farko shekara bakwai take yi kafin a sabunta. Ta hannun lauyar na bi, na biya a kashi biyu, kuma ranar da takardar amincewa ta iso na ji kamar an sauke min kaya daga ka. Ita ce kuma ta tuna min cewa sunan kasuwanci yana da bayanin shekara-shekara da ake shigarwa a CAC, in aka bari ya taru akwai tara.

Yanzu zane huɗu kawai nake fitarwa a lokaci guda, kowanne a awo huɗu. Ina fara ɗinka guda takwas-takwas in saka hoto, wanda ya tafi da sauri shi nake komawa in ƙaro, wanda ya zauna in rage masa kuɗi ya fita, kuɗin ya dawo kasuwa. Mai son a canja mata wani abu a riga tana ba da kafin alƙalami rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi. Ina da teloli biyu da suke zaune a shagona da yarinya ɗaya mai guga da naɗe kaya, kuma ranar Alhamis da yamma nake rufe littafi in ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Kayan Sallar bana mun fara yankansu tun farkon Rajab, kuma na riga na rubuta a shafina cewa daga ranar 10 ga azumi ba na karɓar sabuwar oda, sai abin da ke rataye a shago.